Kitikar da Na Rage wa Tsawo Saboda Inna

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari kamar ita kaɗai aka ba ajiyarta a duk ƙasar Gaya. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son wani abu sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan rufin ɗakina yana yoyo," alhali ina tsugune a gabanta, ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Ni kuma in amsa wa bangon cewa an ji.

A ƙarshe-ƙarshen zamanin Turawa na sayi wata tsohuwar kitika, irin ƙaramar motar kayan nan mai buɗaɗɗen baya, ina kwaso gyaɗa daga Toranke da ƙauyukan Ajingi zuwa wurin awo. Doguwar ƙafa gare ta, sai mutum ya tattare riga ya yunƙura kafin ya shiga. Duk unguwarmu ba wanda bai hau ta ba, har liman. Inna ce kaɗai ba ta taɓa ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Ana nan sai ƙanin Inna ya dawo daga Makka. A ƙafa ya tafi, ya yi shekaru har an fara fid da rai, ya dawo gidansa a Gafasa da kumburarrun ƙafafu, ko zaure ba ya iya fitowa. Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. Ƙanwata ta kawo mini saƙo cewa in mai mota zai bi ta Gafasa, akwai mai son zuwa. Ranar na wanke kitika har sau biyu.

Da safe Inna ta fito da lulluɓinta, ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi kaiwa matakin. Ƙanwata tsohon ciki gare ta, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Na miƙa hannu, Inna ta ja da baya kamar na miƙo mata garwashi. Na ce a kawo turmi ta taka. Ta dubi tayar mota ta ce, "A gaya masa turmi sau ɗaya na hau shi, ranar wankan aurena, ba na sakewa a bakin titi." Ta juya ta koma gida.

Na wuce wurin mai gyaran motata. Wani Bafulatani ne da ya yi soja lokacin yaƙin Turawa, can ya koyi kanikanci, ya dawo da akwatin sifana da baki mai tsawo. Mu asalinmu Barebari ne, saboda haka tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da tsiya. Na ce masa so nake ya rage wa motar tsawo.

"Mutane suna neman a ɗaga musu mota saboda rairayi, kai kana neman a saukar," in ji shi. "Babarbare dai ba ya rabo da abin mamaki."

Na faɗa masa dalili, ya daina dariya, amma bai daina surutu ba. Ya ja ni ƙarƙashin motar ya nuna mini sifirin, falle a kan falle, ya ce zare biyu-biyu ba wuya, mota za ta sauko. Sannan ya ɗora hannu a kan wani ƙarfe mai mai a ciki, akwai irinsa a kowace ƙafa, ya ce shi ne shokazoba, aikinsa shanye girgiza.

"Wannan an yi shi ne daidai tsawon motar. In ta sauko, ya riga ya lotsa rabi tun tana tsaye. Ka faɗa rami, ba shi da sauran wurin lotsawa, sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Dole a sa gajeru masu tauri, su kuwa sai an aika Kano. Ka ba ni mako guda."

Mako guda ya ishi Inna ta sake shawara sau bakwai. Na ce ya zare kawai, ai tsohuwa ɗaya ba ta kai nauyin buhu biyu ba. Ya ce ba nauyin tsohuwa ne abin ji ba, gargadar hanya ce. Na ce masa mutumin da kakanninsa ba su hau komai ba sai bayan bijimi ba zai koya mini hawan mota ba. Ya zare, yana yi yana kiran masu wucewa su zo su shaida ya faɗa mini.

Kashegari kitika ta tsaya a ƙofar gida ta yi ƙasa kamar raƙumin da aka gurfanar. Inna ta dube ta, ta ɗaga ƙafa, ta shiga abinta ba wanda ya taɓa ta. Ta gyara lulluɓi ta kafa wa gilashi ido. Na zagaya na shiga, zuciyata fal murna, ban yarda na dubi gefen hagu inda take zaune ba.

Cikin gari lafiya lau. Muna hawa gargadar hanyar Ajingi motar ta fara abin da aka faɗa mini. Kowane ɗan rami sai ka ji gam daga ƙasa har cikin haƙora. Ƙwaryar tsarabar da ke baya tana ta tsalle. Inna ta jure, ta jure, can ta ce wa gilashi, "A gaya wa mai mota ba gyaɗa ya ɗauko ba." Na rage gudu har wani mai jaki ya yi mana sannu ya wuce.

Akwai wani kwari da ruwan damina ya zaizaye, na sha ratsa shi da kaya ban ko kula ba. Na shiga a hankali, amma ƙafar gaba ta faɗa, motar ta buga ƙasa ta taso, Inna ta tashi daga kujera ta dawo. Sai na ji an damƙe mini hannun hagu, sama da gwiwar hannu.

"Kai, yi a hankali mana, za ka karya ni," in ji ta.

Ni ta duba ta faɗa wa, ba gilashi ba. Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, amma ban san hannun uwata yana da ƙarfi haka ba, ban kuma san yana da ɗumi haka ba. Ba ta saki ba. Canjin giya ya zama wahala, na bar motar a giya ɗaya tana ta kuka. Allah ya yafe mini, akwai ramuka biyu ko uku da na hango sarai ban kauce musu ba.

Sai da muka tsaya a ƙofar gidan kawuna ta sake ni. Ta sauka da kanta, ta shige, na jiyo kukansu ita da ƙaninta daga zaure. Na daɗe zaune a mota ina jin wurin da yatsunta suka lotsa.

Ta yi mako biyu a Gafasa. Kafin nan na koma wurin ɗan Fulani, shokazoba biyu na gaba sun fashe, mai ya tsiyaye. Bai bar kowa a bakin kasuwa bai kira ya gani ba. Ya aika Kano, ya sa sababbi, gajeru masu tauri, ya ce in gwada kwarin in dawo in ba shi haƙuri.

Ranar da na je ɗauko ta, motar ta bi gargadar nan lumui. Muka ratsa kwarin, ta ɗan lotsa ta miƙe, ko lulluɓin Inna bai motsa ba. Hannayenta biyu suna kan cinyarta tun daga Gafasa har Gaya. Da muka iso ta ce wa gilashi, "A gaya wa mai gyaran nan Allah ya yi masa albarka."

Na kai masa saƙon, ya yi ta hura hanci, ya ce ko uwar Babarbare ta san aikin Bafulatani. Gaskiyarsa ce, aikin ya yi kyau, kuma ban taɓa jin haushin aiki mai kyau kamar wannan ba. Motar ta yi shekaru ba ta sake buga ƙasa ba. Inna ta hau ta sau da yawa, ba ta kuma riƙe hannuna ba har Allah ya karɓi abarsa.