Lasifikar Hagu

Akwai wata Asabar a unguwarmu ta Yerimaram da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A da, rediyo ɗaya ke tara unguwa guda, wanda bai ji ba sai ya matso. Yanzu kuwa sauti ne ke bin mutum har kujerarsa, ta gaba da baya, ta dama da hagu.

Aminina Bafulatani ne, tsohon dillali a Kasuwar Shanu, ni kuma Babarbare, don haka ba ma haɗuwa sai da tsokana. A lokacin magana ta fara yawo a kansa, wai tun da ɗansa ya samu a Abuja ya daina amsa gaisuwa. Maƙwabcinsa, wanda suka tsufa a sahu ɗaya a masallaci, har ya daina yi masa sallama. Majalisar ƙofar gidansa tana ta watsewa, shi bai san dalili ba, ni kuma na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Ana haka ɗan ya aiko masa da ƙatuwar talabijin da tarin lasifikoki. Da yake na yi yawon fatauci daga Jidda har Duwala, ni aka kira in haɗa.

"Zo ka yi aikinka, bawana," in ji shi.

"Wanda kunnensa bai san komai ba sai kukan saniya, me zai yi da wannan kaya?" na ce.

Na jera su gaba da baya. Na taɓa ganin yadda ake saita su a wani shago a Dubai: mai gida zai zauna a tsakiyar falo, na'urar ta riƙa fitar da wani shuu, kamar ruwan sama a kan kwano, daga wannan lasifika zuwa waccan, ana ƙarawa ana ragewa da rimot har su zo daidai a kunnensa.

Na zaunar da shi. Ta dama ta yi shuu, ya gyaɗa kai. Ta tsakiya ma haka. Da aka zo ta hagu sai ya yamutsa fuska.

"Wannan ba ta da lafiya. Kamar daga can garin Nangere take magana."

Ni kuwa ras nake jin ta. Na ƙara mata ƙarfi, ya ce da saura. Ta hagu ta baya ma haka. Na musanya lasifikokin, ba abin da ya canja. Sai na fara zargin ba daga lasifikar ba ne. Na ce ya juya kujerar ya ba talabijin baya, na sake kunnawa. Waɗanda ya yaba ɗazu, su ne yanzu suka koma Nangere.

Na kashe na'urar. Ashe kunnensa na hagu ne ba ya ji sosai.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"An kwana biyu."

"Wa ka gaya wa?"

"Sai in tara jama'a in ce na kurumce?"

Na zauna da ƙabilu iri-iri, ban ga masu ɓoye ciwo kamar mutanensa ba. Nan na tuna bencinsa na ƙofar gida: titi yana hagunsa, duk mai gaisuwa ta nan yake zuwa. Na faɗa masa abin da ake cewa, ban rage komai ba. Da na ambaci maƙwabcin, idanunsa suka kaɗa.

"Har shi?"

Bayan la'asar muka ɗauke bencin muka mayar ɗaya gefen ƙofar, yadda titi zai koma damansa, na je na janyo maƙwabcin, ina yi masa bayani a hanya. Maƙwabcin ya tsaya a daman aminina, ya yi sallama a hankali. Aminina ya amsa tun bai rufe baki ba, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Ashe ta nan ƙofar take," in ji maƙwabcin.

Daga baya ɗan ya kai shi wurin likitan kunne. Lasifikokin hagu kuwa na bar su da ƙarfinsu, daidai kunnen mai su. Baƙo in ya ce sautin falon ya karkace, sai mai gidan ya ce aikin Babarbare ne.

Bencin bai sake komawa inda yake ba, majalisa ta dawo. Ni kuma tun ranar, in na gai da mutum ya yi shiru, ba na cewa girman kai ne. Zagayawa nake yi ta ɗaya gefen, in sake yin sallama.