Zanen da Ya Rufe Telen Sallau

Sallau ɗan Tsarnawa ne, amma Tsarnawa ba ta ci moriyarsa ba. An sa shi lakwal, makarantar boko, ya zana malami da kunnen jaki a allo, anka koro shi. An kai shi gona, ya ce gero ba ya hira. Ya yi karen mota a wata motar siminti ta Malbaza, kullum ya dawo fari fat kamar an tono shi, har direban ya gane yaron nasa ya fi iya kwana bisa buhu da sauke shi, sunka rabu lafiya.

A 1996 ya sauka Ƙwanni, gidan ƙanwar uwarsa, Inna Kubura mai goro. Ya zo da tsohuwar tele da wani akwatin wasa na Najeriya, irin wanda ake danne-danne mutum biyu su daku a gilashi. Inna ta ba shi zaure da sharaɗi guda.

"Ka ga wanga zaure? Nan mijina ka yin nafila. In na ga jini ko tsiraici, kai da kwalinka sai Tsarnawa."

Allah ya rufa wa Sallau asiri ta inda bai zata ba. Akwatin ɗan Najeriya ne, telen kuwa ta Nijar ce, jininsu bai haɗu ba. In ana labarai kala tar, da an jona wasa sai baƙi da fari. Duk abin da ya fantsama daga bakin ɗan dambe toka-toka yake fitowa. Ranar da Inna ta leƙo ta tambaya, Sallau ya ce, "Gumi na, Inna. Aikin ƙarfi suka yi." Ta yi musu sannu ta koma bakin farantinta.

Kaset biyu gare shi, samari kuma sunka rabu gida biyu. 'Yan zane suna son wanda anka zana da hannu, mutanensa masu damtse kamar turmi da kai kamar goriba. 'Yan hoto suna son wanda anka ɗauki mutane na gaske anka zuba ciki. Shugabansu Hamani ne, ɗan kabu-kabu, wanda ya taɓa ganin wasan a Sakkwato, ya mayar da abin kamar ya je Makka.

"Wanga naku mutum na ko kabewa?" in ji Hamani. "Ka taɓa ganin ɗan Adam da ƙirji ya fi ƙofar garka?"

"Naku hwa?" Sallau ya ce. "Sun sandare awa masu jiran hoton katin ɗan ƙasa. In ya ɗaga ƙafa sai ka ce sanyin ƙashi gare shi. Namu ko bugunai ka yi sai ya yi ma kwalliya."

"Don ba ka gan shi da kala ba, baƙauye!"

Nan ne Sallau ke tashi tsaye. Ya ce kala ta kwanon jere ce da atamfa, ba ta maza ba. Ya ce hoton kakan kowa baƙi da fari ne, wa ya taɓa raina kakansa? Ya ce kala ta kashe idon rabin Sakkwato. Samari na tafi, suna cewa Sallau ya san hoto. Ba hoto ya sani ba. Ya san dai kaset ɗin 'yan hoto ne ke cika zaure, kuma ya san launin gumin nan.

Wata Asabar bayan la'asar, sai ga Hamani da telen wansa a bayan babur, an naɗe ta da bargo kamar jinjiri. Ita 'yar Sakkwato ce, ta san yaren akwatin. Sallau ya ce wuta ba ta da ƙarfi yau. Anka nuna masa ƙwan lantarki na ci. Ya ce wayar ba za ta shiga ba. Ta shige tsaf. Kafin ya ƙago ta uku, hayaniya ta jawo Inna Kubura, ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna gaba-gaba.

Hamani ya zaɓi wata mace mai tsalle, abokinsa Bawa ya zaɓi wani ƙato. Naushin farko, ja ya wanke gilashi.

Inna ta juyo a hankali. "Sallau, gumin nan ya nuna?"

Sallau ya hango gonar Tsarnawa, har da hauyar da ke jiransa a jingine. Sai idonsa ya faɗa kan leɓen Inna.

"Goro na, Inna! Ɗan Gwanja, ja. Suna cikin ci anka kira su fili. Kowa kika naushe da goro a baki ai sai ya tofar."

Inna ta matsa kusa. Aka sake naushi, aka sake feshi. "Lalle mai kyau na," ta ce. "Amma wanga ɗa maɓarnaci na. Ko sadaka anka ba shi?"

Zaure ya kwashe da dariya, Sallau ya sauke numfashi. Bai gama saukewa ba macen ta yi tsalle ta watsa ƙafa sama. A tsohuwar tele, ƙafafun nan toka-toka ne, kowa ya ɗauka wando ne. Yau sai ga su launin mutum, tun daga sama har ƙasa.

"La'ilaha! Ina zanen wagga ɗiya?"

Hamani, da zancen zane ya riga ya cika masa kai, ya zabura. "Inna, ai ba zane ba na, hoto na! Mutum ta ta gaske, babu zane ko kaɗan!"

"Ai na gani babu! Shi nika faɗi, ɗan banza!"

Ta nuna wa Sallau ƙofa da haɓa. Shi kuwa ya ruga cikin gida, ya fizgo zanen Inna daga igiyar shanya, ya zo ya ɗaura wa telen daga tsakiya zuwa ƙasa, har da soke shi a gefe yadda mata ke yi. Yanzu kawuna da kafaɗu kaɗai ke tsalle bisa atamfa.

"Ga ta ta suturtu, Inna. Har namijin ya samu."

Inna ta dube ta, ta gyara bakin zanen da kanta. "To. Haka za ta zauna. Ran da ya kwance, kai ma ka kwance."

Hamani ya ɗauke telen wansa yana ƙunƙuni, amma zanen bai tafi ba. Ya koma ƙugun tsohuwar telen Sallau, don Inna ta ce yanzu ta san abin da ke ƙarƙashin tokar. Tun daga ranar, a zauren Sallau ba a ganin shuri, sai dai ka ga kan mutuminka ya nutse cikin atamfa, ka san an kwashe ka. Baƙi in sun yi ƙorafi, Sallau ya ce sabon salo ne, bai kai Sakkwato ba tukuna. In kuwa Hamani ya tada tsohuwar gardama, Sallau ba ya ko tashi tsaye. Tele yake nuna masa.

"Aboki, duba da kyau. Tsakanin hoto da zane, wa ya rufe wani?"