Wadda Ba Ta Amsa Ba

Shekarar da na yi famfarar haƙora, wata Laraba da hantsi a ƙarshen damina, ina zaune kan rumfar tsaron tsuntsaye a gonar mahaifina ta bayan garinmu Tsaskiya. Gero ya fid da kai ya fara nuna, ƙamshinsa ya cika daji. Rumfar ta itace ce, an shimfiɗa mata kara, tsayinta ya wuce na babban mutum. Daga jikinta an ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gona, an rataya musu sakaina da tsofaffin gwangwanaye. In tsuntsaye suka sauko kamar hayaƙi, sai in fizgi igiya, gona ta ɗauki ƙara, su tashi su faɗa gonar maƙwabta. Gonar maƙwabtan nan kuwa ta su Ladi ce.

Ladi sa'ata ce, ɗiyar Kiristoci, danga ɗaya ta raba gidansu da namu. Daga rumfata ba na hango tata, gero ya rufe, sai dai murya. Tun ranar da aka ɗora mu mahaifina ya kafa mana doka. Ya ce, "Ku riƙa kiran juna. Wadda aka kira ba ta amsa ba, a daina kira daga sama, a sauka a je a duba." Daji ne, akwai maciji, akwai birai da ba su tsoron yaro. Don haka lokaci-lokaci nakan ja numfashi in ce, "Ladi," in ja sunan har ya tsallake gona, ita kuma ta ce, "Ina nan, Delu."

Ranar Larabar nan na kira, shiru. Na sake kira, shiru. Na sauko, na kutsa cikin gero da gudu, ganye yana yankar hannuwana. Da na hau rumfarta sai na iske ta kwance tana sharar barci, guntun tumu a hannu, tsuntsaye kuwa suna biki a gonar ubanta. Na girgiza ta ina kuka. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke Delu, ai na amsa, cikin mafarki." Har yau in na tuna sai na yi murmushi.

Haka muka yi damina bayan damina. Mu gasa tumu a gindin rumfa, mu raba furar da aka aiko, mu haɗa 'yar tsana da kara, mu koyi waƙar gaɗa ta tsallaken gona, ita ta ba da baiti ni in amsa. Ranar Lahadi in sun tafi coci, babanta kan ɗauro igiyarta a rumfata, in ja biyu.

Ana nan, ana nan, sai aka sa Ladi makarantar kwana, ni kuwa ban taɓa shiga aji ba. Daga nan labarinta ya koma bakin matan da ke cin kasuwar Batsari. An ce ta zama nas. An ce ta yi aure. An ce ta haihu, an ce an mai da su Kaduna. Duk labarin da ya zo nakan karɓe shi kamar amsar kira. Sannu a hankali "an ce" ɗin ma ya ɗauke. Da 'yan bindiga suka matsa mana muka kwaso muka dawo Batsari, sai na rasa ko wa zan tambaya. Ban san tana raye ba, ban san ta rasu ba, abin nan ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Jikata Sa'ade, wadda ke rubuta mini wannan, ta gama kwalejin ilimi. Su da 'yan ajinsu na sakandare suna da zaure a waya, kowa na saka muryarsa yana faɗin inda rayuwa ta kai shi. In tana tsintar shinkafa takan kunna, ni kuma in kasa kunne. Wannan ta samu koyarwa a Safana. Wannan ta haifi tagwaye. Wani bai samu aiki ba tukuna, amma zomayensa sun cika gida, har abokai na tsokanarsa da Sarkin Zomaye. Wata ta koma haɗa turaren wuta. Na ce mata, "Ku ma kan rumfa kuke." Ta ce, "Tsohuwa, kin fara ruɗewa ke nan." Na ce ja'ira, ci gaba da tsintarki.

Wata rana sai na ji wani ya ce shi Bulus ne, yana magana daga Zakka, ya kama aiki a ƙaramin asibiti don ya zauna kusa da kakarsa, tsohuwar nas da ta dawo gida. Na ajiye carbi. Na ce Sa'ade ta tambaye shi sunanta da garin da aka haife ta. Ladi ce, ta Tsaskiya.

Sa'ade ta kara mini wayar a baki. Ban yi gaisuwa ba, na ja numfashi na kira sunan yadda nake kiransa. Muka jira. Washegari amsa ta zo, amma muryar Bulus ce. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya kunna mata ta ji, ta yi hawaye, sai dai ɓarin jikinta ya shanye tun bara, magana ba ta fita. Sa'ade ta ce, "To Kaka, alhamdu lillahi, tana raye. Ki riƙa aika mata murya." Na ce, "Ba haka aka koya mana ba. Nemo mai babur."

'Ya'yana sun so su hana ni, saboda hanya da ƙugun tsufa. Na saurare su, na yafa gyale. A Zakka na iske Ladi kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame, gashi fari fat. Na zauna na ce, "Barci kika sake yi, Ladi?" Gefen bakinta mai motsi ya yi dariya. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta fizge shi sau biyu kamar igiyar rumfa. Muka wuni a haka, ni ina zuba, ita tana riƙe.

A da gona ɗaya ce tsakaninmu, murya kuma ba ta wuce ta. Yaran yanzu muryarsu na kaiwa Legas kafin ruwa ya tafasa, kuma ina taya su murna. Sai dai na lura a zauren nasu akwai waɗanda ba su taɓa cewa uffan ba. Na ce wa Sa'ade ta lura da su. Wanda ya yi shiru, shi ake sauka a je a duba.