Ɗingishin Vernell Tuggle

Shekara ashirin da biyu Vernell Tuggle ya yi a masaƙar garinsu, can kudancin jihar Jojiya ta Amurka, kafin wani ƙaton ƙullin auduga ya suɓuce ya karya masa ƙugu. Ya warke, amma ƙafar hagu ta ƙi komawa daidai. Sai ya jefa ta gefe, ya jawo ta, kafaɗa na bin ta ƙasa. Ba a daɗe ba masaƙar ta rufe, shaguna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Mutuwar garin ce ta jawo masu fim. Suna neman wurin da zai yi kama da duniya bayan gawarwaki sun tashi suna cin mutane, da suka ga garin sai suka ce ba sai an gyara komai ba. Rabin gari ya shiga layin neman zama gawa. Vernell na tahowa daga mota, mai zaɓen 'yan wasa ta hango shi, ta tafa hannu.

"Baba, a ina ka koyi wannan tafiya? Kai, ka iya!"

"A masaƙa," in ji shi. Ta ƙyalƙyale da dariya, a zatonta wasa yake.

Ko a cikin gawarwaki akwai manya da ƙanana. 'Yan gaba su ake yi wa awa huɗu ana manna musu roba a fuska, su ke mutuwa a hannun jarumi kyamara na kallo. 'Yan baya kuwa sai a jefa musu fuskar roba mai warin gumin wani, a ce su matsa can. Shekara shida Vernell yana baya, yana dahuwa cikin rana. Duniya na haukan jarumin shirin da takobinsa da gashinsa da ko a tsakiyar yaƙi ba ya hargitsewa. Wa zai tambayi sunan gawa ta arba'in da uku?

Earline ce kaɗai, matarsa. Ciwon suga yana cin idonta a hankali, don haka duk Lahadi da yamma, lokacin da ake nuna shirin, sai ta jawo kujera har hancinta ya kusa taɓa talabijin. Ba ta rarrabe fuskoki, amma tafiyar mijinta ko cikin dubu za ta tsinto ta.

"Ga tsohona can! Kai Vernell, ko a mace ba ka fasa jan ƙafar nan ba?"

Don wannan ihun yake jure ranar, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba.

A shekara ta shida likita ya ce idon Earline da wuya ya kai baɗi. A lokacin ne kuma aka kawo sabon darakta, wanda ya ce 'yan baya tafiyar mashaya suke yi, mutum ɗaya ne ya san yadda gawa ke tafiya, wato Vernell. Vernell ya ce zai koya musu, in za a sa shi a gaba sau ɗaya, Earline ta gan shi ya cika gilashin talabijin. Aka tara mutum ɗari biyu a farfajiyar tsohuwar masaƙar, yana kai da komo a gabansu.

"Ku kalli Baba! Kafaɗa ƙasa, a jefa ƙafa, a jawo!"

Ranar har kansa ya kumbura, bawan Allah.

Darakta ya cika alkawari. Aka yi masa awa huɗun, aka rufe idonsa da farin gilashi, aka tsayar da shi bayan shingen waya yana girgiza shi, ko taku ɗaya bai yi ba. Jarumi ya zo ya soke shi. Bai gaya wa Earline a inda zai fito ba, so yake ta gano da kanta.

Ranar Lahadin ta soya kaza, ta haɗa shayi mai sanyi, ta jawo kujerarta. Fuskarsa ta cika talabijin. Earline ta karkata kai gefe.

"Wannan mummunan ya tare min hanya. Matsa mana in ga mijina!"

Jarumi ya matsar mata da shi. Sai ga taron baya ya bayyana, mutum ɗari biyu, kowa kafaɗa ƙasa, yana jefa ƙafar hagu yana jawowa. Yatsanta ya tashi. "Ga shi... a'a, ga shi nan..." Yatsan ya yi ta yawo a kan gilashin, sannan ya sauka kan cinyarta.

"Earline, ni ne na gaban nan, wanda aka soke."

"Kada ka lallashe ni, tsoho," ta ce a hankali. "Idon ne ya tafi. Yau kowa na kalla sai in ga kai ne."

Ya yi rantsuwa, ya yi bayani, ta dai shafa hannunsa kawai. Baƙin cikin da ya ji ranar ya fi na ranar da ƙugunsa ya karye, don wannan da ƙafarsa ya je ya koyar.

Har yanzu yana zuwa aiki, an mayar da shi baya. Sabbin 'yan wasa ba su san shi ba. Kwanan nan wata matashiya mai kula da layi ta tsayar da shi, ta ce ya ƙara sauke kafaɗa, bai iya tafiyar sosai ba. Kujerar Earline kuwa tana jikin bango, ba ta sake jawo ta ba.