Tambayar Da Na Yi Da Sunan Wani

Lokacin da annobar korona ta sa aka kulle gari, ni saurayi ne da bai daɗe da gama jami'a ba, ina aikin injiniya a wani kamfani a West Bay, nan Doha. Mutum ne ni mai yawan fargaba, ko saƙo zan tura sai na karanta na sake karantawa. 'Yan'uwanmu na Arewa da ke nan suna buga misali da natsuwata. Ba zan ce kullen ne ya jefa ni shan giya ba, don ban tabbata ba, amma a cikinsa na fara, ni kaɗai a ɗakina a Nu'aija, da abin da wani abokin aiki yake sammini. Kafin a buɗe gari abin ya fi ƙarfina. Da gasar cin kofin duniya ta matso, baƙi suka cika otal-otal, samunta ya ƙara sauƙi. Asuba ta riga ta kuɓuce mini, na ga saura aikina.

Na taɓa jin cewa masu irin matsalata suna da wani zama, su haɗu su ƙarfafa juna, ba a bin diddigin kowa. An ce lokacin kulle ta waya ake yi, ban san inda suka koma ba. Wayar hannuna ta kamfani ce, na ji tsoron bincike da ita. Sai na yi abin da muka saba a gida, inda mai kunya ba ya tambaya da bakinsa. Bayan sallar Juma'a na ja dattijon da ke shugabantar ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna nan gefe, na ce wani ɗan'uwa na kusa da ni ne yake fama, ko Alhaji ya san inda ake wannan zama. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce Musulmi ba ya kwance wa kansa zani a gaban baƙi, maganin mashayi a tsawata masa. Ya nemi suna, na ce amana ce. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ya gane.

Wanda ya gane ba ni ba ne. Akwai wani ɗan Zongon Kumasi, mai gadi a wani otal, da nake rage wa hanya zuwa masaukinsa a Al Wukair duk Juma'a. Ranar hutunsa yana koya wa 'ya'yan mutanenmu karatun Alƙur'ani. A ganin dattijon da 'yan ƙungiya magana ta fito: yana aiki inda ake sayar da giya, kuma kullum yana motata. Suka yi tawaga suka same shi a masaukinsa, suka yi masa wa'azi a gaban abokan kwanansa. Ya rantse, suka ce rantsuwa ba ta yi wa mashayi wuya. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Ina gani ana jifansa da habaici a zauren ƙungiya na waya, in rubuta gaskiya, in goge, in ce sai gobe.

Wata Juma'a ya tare ni a bakin motata, bai shiga ba. Ya kira ni Injiniya da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce ya daɗe yana jin warin a motar nan, ya sauke gilashi ya yi shiru, ko matarsa bai faɗa wa ba, ashe ga tukuicinsa. Ya tambaye ni ko a jami'ar tamu ba a koyar da yadda mutum zai nuna ƙirjinsa ya ce shi ne. Na koma wurin dattijon na faɗi gaskiya. Ya ce in rufa wa ƙungiya asiri, ni ne abin nunawarsu, shi kuwa wancan kwantiraginsa ya kusa ƙarewa. Duk da haka na rubuta a zauren. Wasu suka tsine mini, wasu suka ce rufa masa nake yi. Yaran ba su koma ba. Da aka gama gasar ya tafi gida, har yau bai amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Zaman kuwa, a asibiti na sami labarinsa. Na ce wa likita ni ne, ba wani ba, nan take ta kwatanta mini wurin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da kujeru da shayi, mutane daga ƙasashe daban-daban, kowa laifin kansa yake faɗa. Ina zuwa har yanzu. Ba na cewa na warke, amma ban sha ba tun daga ranar da na fara zuwa.

Ban isa in yi wa kowa wa'azi ba. Sai dai duk mai fama da wannan, ya nemi likita ko waɗanda suka san ciwon, ya yi tambaya da bakinsa. In ka ce wani ne, jama'a za su nemo wanin, kuma wanda ba shi da gata za su kama.