Ƙanwar Hassana

Sama'ilu mai faci ba mutum ne mai magana ba. Shekara da shekaru rumfarsa tana jingine da tawa a unguwar Jadid da ke Sabha, ni ina walda, shi yana fama da tayoyin manyan motocin da ke fitowa daga Agadas, amma sai mu wuni abin da ya haɗa mu bai wuce "miƙo guduma" ba. Ni kuwa Jibirin bakina ba ya rufuwa, da haka har na tatsi labarinsa kaɗan-kaɗan.

Ya shigo Sabha a zamanin da aka ce Afirka uwa ɗaya uba ɗaya ce, kowane baƙar fata ya zo Libiya ya ci arziki. Arzikin da muka gani dai rana ce da 'yan sanda. Shi ba ma arzikin ya zo nema ba. Rikici ya tashi a garinsu can Filato ranar da ya tafi kasuwar ƙauye, ya dawo ya tarar da gidansa ya zama toka, matarsa Sadiƙa da 'yarsu a ciki. Abin da ya tsinta shi ne warin takalmin yarinyar na roba, a bakin rijiya. Yana nan cikin akwatin kayan aikinsa, a naɗe da tsumma.

Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Kunya biyu ke nan. Tun tana da rai bai taɓa kama sunanta ba, Ummi yake ce mata.

Adam, mai shagon intanet na bayan masallaci, shi ya kawo maganar. Ya ce akwai ofishin 'yan gudun hijira a Tarabulus da ke sauraron irin su Sama'ilu, in labarinka ya tabbata a ba ka takardar da ɗan sanda ba zai yaga ba, wataƙila ma a kai ka wata ƙasa. Amma sai an rubuta labarin da Turanci mai kyau. Ya ce ya san wani marubuci a intanet, Malam Sadiƙ, aikinsa ke nan, ka biya ya rubuta. Na ce, "Ka taɓa ganin fuskarsa?" Ya ce ina ruwan biri da gada, ai aikinsa ake gani. Ban yarda ba, amma Sama'ilu ya gaji da ɓuya a bayan tayoyi duk lokacin da motar kame ta gifta.

Na raka shi. Yana faɗa, Adam yana bugawa, marubucin yana aiko tambayoyi daga inda Allah kaɗai ya sani. Ya iya tambaya, tsinanne. Wace rana ce, wane launi ne takalmin, wa ya haƙa kabarin. Abin da Sama'ilu bai taɓa gaya mini ba duk ya amayar da shi a ranar. Da aka zo kan sunan yarinya sai ya sunkuyar da kai.

"Ya ce dole sai da suna," in ji Adam.

Sama'ilu ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Rubuta ƙanwar Hassana."

Adam ya gane, tunda duk mai jin Hausa ya san sunan da ke bin Hassana a tagwaye. Ya buga Huseina.

Rubutu ya zo, Adam ya fassara mana, wallahi har na yi hawaye. Sai dai Sama'ilu bai samu tafiya ba sai bayan sallar layya, saboda hanya ta yi zafi da kame.

Ya tafi, ya dawo ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Sai da ya kwana biyu kafin ya gaya mini yadda aka yi. Matar da ta yi masa tambayoyi ta karanta takardarsa, ta jawo wasu daga aljihun tebur ta jera. Labari ɗaya ne, rijiya ɗaya, takalmi ɗaya. Mutane sun riga shi zuwa da shi, Malam Sadiƙ ya sayar musu. Ta ce ta bakin tafinta za ta ba shi dama guda: ya dube ta ya faɗi sunan 'yarsa.

"Na ce Ummi. Ta ce ba shi ne a takarda ba, in sake."

"To, ka faɗa kuwa?" na ce.

"Jibirin, sunan uwata ne. A gaban baƙuwa."

Waɗancan da suka riga shi zuwa sun faɗi sunan suna rusa kuka. Shi bai yi kuka ba, bai faɗa ba. Ya kwance tsumman ya nuna mata takalmin, ta ce irinsa cike yake a kasuwa. Aka buga masa hatimin maƙaryaci, ba zai sake shigar da buƙata ba.

Na je shagon Adam kamar zan fasa masa na'urori. Ya rantse bai sani ba, na kuma yarda, don shi ma marubucin ya daina amsa masa. Wa za ka shaƙe? Mutumin ba shi da fuska, ba shi da unguwa, sunan ma wa ya sani.

Sama'ilu ya koma kan facinsa. Wata ranar Talata wani matafiyi, babban mutum da gemunsa, ya zauna a inuwar rumfarmu yana jiran a gyara motar da za ta kai su Tarabulus. Yana riƙe da takarda yana hadda da ƙarfi, yana gwada rawar murya: "Na tarar da gidana ya zama toka. 'Yata Huseina, 'yata Huseina..."

Na ɗauki ƙarfe zan yi kansa. Sama'ilu ya riƙe mini hannu. Ya ƙarasa gaban mutumin ya durƙusa, hannunsa duk baƙin taya.

"Bawan Allah," ya ce, "in ka je ka faɗa musu, za su yarda da kai. Amma a nan ka rage murya. Sunan uwata ne."