Tagar Bene

Ina aji huɗu a sakandare Baffa, ƙanen mahaifina da ke aikin ofis a Kaduna, ya rushe soron kakanmu ya tayar da bene na bulo da siminti. Shekarun bayan yaƙin basasa ne, ma'aikata sun samu ƙarin albashi, kwano ya fara ƙyalli nan da can a cikin birnin Zariya. Ba don fariya ya yi ba. Ya gaji ne da ganin mahaifina yana neman magina kowace shekara kafin damina, ana kwaɓa ƙasa ana yaɓe. Ya zo da zanen gidan a takarda, irin na unguwar Turawa, kuma ɗakin sama ni ya ba, ya ce mai karatu haske yake so.

Na so ɗakin nan. Tagarsa ta gilashi ce, faɗinta ya kai na ƙofa, tana kallon gabas. Na jera littattafaina a gindinta. Daga nan nake hango zankwayen soraye har wajen Ƙofar Doka, da kan rimaye. Amma da na sauke ido sai tsakar gidan maƙwabtanmu, tas kamar faranti.

Gidan wata tsohuwa ne da muke kira Inna, ita da ɗanta da surukanta. Sana'arsu man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma a tsakar gida suke komai: suya, daka, matsa, wanki, kitso. Tun da na girma ban wuce zaurensu ba. Ginin gargajiya haka yake: ka shiga zaure, ka karkata zuwa shigifa, ka sake karkata, idon baƙo ba ya miƙewa ya kai ciki. Taga ƙarama ce, can sama da kan mutum. Ko magini zai hau soro, sai an aika gidajen kewaye a ce maza za su hau, mata su kimtsa, in ya sauko a sake aikawa.

Ni kuwa na hau, ba ranar saukowa.

Na rataya zanen gado a tagar, ina ɗaga gefe ɗaya kawai don haske. Bai yi magani ba, don wanda ke ƙasa bai san ko akwai ido a bayan labule ba. Kwanaki kaɗan tsakar gidan ta zama wayam. Hayaƙi ya koma fitowa ta ƙofar wani ɗaki, ga bazara ta kankama. A ciki suke suya, a wannan zafin. Ina jin tarinsu ina karatu, layi ɗaya sai in maimaita shi ban san me ya ce ba.

Ɗan Inna bai kawo kuka gidanmu ba. Kullum shi da mahaifina sahu ɗaya a masallaci, kunya ta hana. Inna ce ta shigo gaida mahaifiyata wata la'asar, ta tarar da ni ina alwala. Da ma wasan jika take yi da ni.

"A'a, maigidana! An hau sama an manta da mu?"

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau, sai hayaƙi. Kai kana can kana shan iska kamar shirwa, amaryarka na nan tana zama banda. In kishi ne ka faɗa, ba mai ƙwace ni."

Mahaifiyata ta yi dariya, amma ba ta ɗago kai ba. Idanun Inna jajir suke.

Ban iya doguwar magana da manya ba. Na yi ta shirya kalmomi har Asabar da Baffa ya zo, da na durƙusa gabansa duk suka watse.

"Baffa, ko za ka hau ɗakina?"

"Yoyo yake yi?"

"A'a."

"To me?"

"Sai ka gani."

Ya hau yana haki, ya yaye zanen gadon. Wata daga surukan ta fito ɗibar ruwa, ta ɗaga kai, ta saki guga ta koma da gudu. Baffa ya ja baya kamar ya taka wuta.

"Subhanallahi. Tun yaushe?"

"Tun da na tare."

Ya zauna a bakin gadona, ya cire hula ya riƙe. Sannan ya ce, "A takardar nan babu maƙwabta. Fili ne kewaye da gidan, da furanni."

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai zauren Inna. Washegari birkila ya zo ya cire gilashin, ya toshe tagar da bulo, ya bar 'yar kafa can kusa da rufi. Ɗakin ya yi duhu, iskar gabas ta yanke, da rana kwano ya gasa shi har littafi ya yi ɗumi a hannu. Baffa ya ce zai sayo mini fanka. Na yi godiya, na kwashe littattafaina na sauko tsohuwar shigifarmu, wadda bai kai ga rushewa ba. Bangonta kaurin kamu biyu, rufin azara, sanyi kamar cikin randa. A can na yi shirin jarrabawa, ina matsar da tabarma ina bin hasken ƙofa. Ɗakin saman, buhunan dawa aka zuba a ciki.